Majo da Jariran da Suka Koma Kafin Suna

Bazarar bana ta cika shekara goma sha biyu da rasuwar maigidana. Ba zan kira sunansa ba, don ban taɓa kira ba yana da rai, kuma ba zan fara yanzu a gaban masu karatun jarida ba. Majo ake ce masa a duk ƙauyukanmu na ƙasar Dakoro, wato shugaban gidan likita, ko da yake a ɗan gidan likitan da ya riƙe shi ne babba kuma shi ne ƙarami. Shi ke allura, shi ke wankin miki, shi ke shara ranar da mai shara bai zo ba. Sanƙarau ne ya ɗauke shi cikin kwana uku, yana tsakiyar jinyar masu irin ciwon. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko. Rubutun nan a ajin yaƙi da jahilci na koye shi ina da ƴaƴa uku, saboda haka a yi mini haƙuri in an ga gargada. Mutane in sun tuna Majo sukan ce hannunsa ba ya da zafin allura, ko su ce bai taɓa korar mai ciwo don ya zo a makare ba. Gaskiya ne. Amma abin da nake so a sani game da shi wani kuskure ne da ya yi, da yadda ya gyara shi, da abin da gyaran ya jawo masa.

An kawo shi garinmu shekarun farko bayan Nasara sun miƙa mulki. Cikin kayan da aka danƙa masa har da wani babban kaye, wato littafin rajista, mai baƙin bango, an ja masa layuka: suna, sunan uba, gari, rana. Ƙarshen kowane wata sai ya zauna ya fitar da rapor, wato rahoto, daga ciki, motar ranar kasuwa ta tafi da shi Dakoro, daga can a wuce da shi Maradi. A rapor ɗin akwai gurbin da ake sa yawan jariran da suka mutu ba su cika shekara ba. Wata bayan wata, abin da yake rubutawa a gurbin nan kalma ɗaya ce ta Faransanci, neyan, wato babu. Wani lokaci ya sa ɗaya.

Ba ƙarya ya shirya ba. Abin da ya zo gabansa shi yake rubutawa, kuma ba mai ɗauko gawar jariri ya kawo gidan likita. A wurinmu jariri in bai kai kwana bakwai ba, ba shi da suna. In ya rasu ba a cewa ya mutu, sai a ce ya koma. Maza biyu ko uku su kai shi kafin rana ta yi zafi, a dawo, kowa ya kama aikinsa, a ce wa uwar ta yi haƙuri Allah Ya kawo mai zama. Kayen Majo kuwa layinsa na farko suna yake nema. Wanda ba shi da suna ba shi da inda zai shiga.

Na san wannan da jikina. Da cikina na fari ya kai wata bakwai aka mayar da ni gidanmu goyon ciki, kamar yadda ake yi wa kowace mace, a wani ƙauye da ke kan hanyar Birnin Lalle, tafiyar rabin yini a jaki. Iya Tabawa, ƙanwar kakata, ita ce ungozomar ƙauyen. Ita ta karɓi haihuwar, ta yanke cibiya da ɓawon karan dawa mai kaifi, ta shafa toka, kamar yadda ta gada. Namiji ne, kuma ya yi kuka mai ƙarfi. Ran kwana biyar ya daina kama nono, baki ya ƙi buɗuwa, jikinsa ya riƙa sandarewa. Aka ce iska ce, aka yi turare. Ran kwana shida ya koma. Majo ya iso da la'asar ɗin ranar da goro da dabino na suna, ya tarar an riga an kai shi. Ɗan fari ne, ga shi gidan surukai, ba dama ya nuna komai. Ya gaisa da mutane, ya yi salla, ya juya. Ƙarshen watan ya zauna ya rubuta neyan.

Bayan girbi babban likita ya zo rangadi daga birni. Sun daɗe a ɗakin magani suna Faransanci, ni ina bayan zana ina tuƙin tuwo. Da motar ta tashi Majo ya shigo, na aje masa abinci, bai taɓa ba.

Ya ce, "Salamu, yau an yabe ni."

Na ce, "To, madalla. Mi ya hana ka ci?"

Ya ce an gaya masa duk yankin ba inda jarirai ke rayuwa kamar ƙasarsa, har an sa sunansa cikin waɗanda za a tura ƙarin karatu Yamai. Kuma gwamnati za ta fara koya wa ungozomomi aiki, a ba kowace akwati da almakashi da zare da alkol na wanke cibiya. Sai dai akwatunan kaɗan ne, za a fara da inda jarirai ke mutuwa. Mu tunda namu ba su mutuwa, sai mu jira.

Sannan ya ce, "Namu ma ban rubuta shi ba."

Ranar ce farkon da ɗayanmu ya ambaci yaron. Na ce, "Da wane suna za ka rubuta shi?" Ya ce ai matsalar ke nan. A nan ya gaya mini abin da ya sani tun ranar da aka kwatanta masa yadda yaron ya yi, bai faɗa ba don kada ya ɓata tsakanina da dangina: ba iska ba ce, ciwo ne da ke shiga ta cibiya in an yanke ta da abin da ba a tafasa ba. Akwatin da aka hana mu, maganin abin ke nan.

Washegari ya fara tambayar matan da ke zuwa karɓar magani, ƴaƴanki nawa suka mutu. Wata ta ce Allah Ya kiyaye. Wata ta ja mayafi ta rufe baki. Waɗanda suka amsa, masu suna kawai suka lissafa, kuma ko cikinsu sai su tsallake ɗan fari, don kunya ba ta barin mace ta ambace shi ko yana raye, balle ga namiji baƙo mai bik, abin rubutu, a hannu. Ya je wurin mai gari, ya je wurin liman, suka ba shi sunayen manya da yaran da aka yi wa salla a bainar jama'a. Wata guda yana wannan, bai cika rabin shafi ba.

Ni ce Allah Ya nuna wa hanyar, kuma ba don wayo ba. Ina bakin rijiya wata safiya, mata na gardamar wadda ta fi shan wuya, sai wata ta buga ƙirji ta ce, "Ni da kuke gani sau takwas na shiga ruwan zahi, wa zai gaya mini wuya?" Na san gidanta. Ƴaƴanta uku ne. Mace ko ɗanta ya koma sai ta yi wankan jego, don jikinta ɗanye ne, sai an gasa shi. Kuma wankan ba abin kunya ba ne, abin alfahari ne, jikinta ne da itacenta da tukunyarta. Ba ta manta ko ɗaya.

Daga nan muka raba aiki. Shi ya zauna a zaure ko gindin itace da kaye, ni in shiga cikin gida da igiyar kaba. Ba na tambayar mutuwa. Sai in ce, sau nawa kika yi wanka? Kowane wanka in ƙulla ƙulli ɗaya, sannan in miƙa mata igiyar mu bi su ɗaya bayan ɗaya. Wannan ya yi kuka da ya faɗo? Ya kai suna? Ya zauna? Ya yi rarrafe? Ya taka? Da haka muke gane wanda ya zo ba rai, da wanda ya zo da rai ya koma, da wanda ya wuce shekara, tunda ba mai riƙe kwanan wata. Mace ba sai ta kira sunan kowa ba. Ƙullin farko ma yawanci taɓa shi kawai take yi da yatsa, ta kaɗa kai ko ta girgiza. Na ga matan da suka shekara ashirin ba su yi zancen wani ɗa ba, suka riƙe ƙulli suka faɗi ranar da ya daina shan nono da irin zanen da aka naɗe shi da shi.

Wurin da na fi jin tsoron zuwa shi ne ƙauyenmu. Mun tarar da Iya Tabawa tana kaɗi a inuwar rumbu. Tana ganin Majo ta ce, "A'a, angona, biko ka zo? To ba ni komawa, ka tsufa." Ya ce ai ko da sanda sai ta koma. Da na nuna mata igiyar ta juya ta, ta taɓe baki.

"Wa ya koya muku wanga shirme? Tagwaye fa? Wanka guda ake musu, ku kuma ku ƙulla guda. Kuma wadda ta zo gidan ubanta ta haihu, ku ƙidaya ta nan, ku tahi garin mijinta ku sake ƙidaya ta, kun kashe yaro sau biyu ke nan."

Majo bai yi musu ba. A take ya rubuta gyara biyun: a riƙa tambayar ko tagwaye ne, kuma kowace mace a lissafa ta a garin mijinta kawai. Har ya koma baya ya soke wasu layuka da muka maimaita.

Sannan ya gaya mata zancen cibiya, a hankali, kansa a ƙasa. Ta aje mazarin. Ta ce, "Da karan nan na yanke ta uwar Salamu, da shi na yanke ta Salamu, ga su nan suna tahiya da ƙafafunsu. Yau kai za ka ce ni ke kashe ɗiyan mutane?" Ya ce bai ce ba, Allah ke kashewa, amma akwai ƙofar da ciwon ke shigowa kuma ana iya rufe ta. Ta juya mana baya. Na ɗauka korarmu za ta yi. Can sai muka ji ta fara magana, tana fuskantar rumbu, tana bin gidajen ƙauyen daga gabas, gidan wane biyu, gidan wane ɗaya, wanda ya sandare da wanda zawo ya ɗauka, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Da ta zo gidanmu ta tsaya, ta ce, "Da na Salamu. Rubuta." A layin suna ya sa: ɗan Salamu, kwana shida. Haka muka riƙa rubuta duk marasa suna daga ranar, da sunan uwa da kwanakin da suka yi.

Kafin damina ta sauka mun zaga ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa. Ba zan faɗi adadi ba, don kayen ba ya hannuna kuma ba na son in faɗi abin da ban tabbatar ba a rubutun da ke kan faɗin gaskiya. Abin da na sani, gurbin da ya saba ɗaukar kalma ɗaya sai da aka liƙa masa ƙarin takarda.

A nan zan faɗi nawa laifin. Da na ga abin da zai aika, tsoro ya kama ni. Na ce masa ya riƙa sakin lissafin kaɗan-kaɗan, wata bayan wata, kada a ga ya hau lokaci guda a ce shi ya bar yara suna mutuwa, ya rasa Yamai. Ina da ciki na biyu a lokacin, kuma ina son in ga birni. Ya ce in ya yi haka, akwatunan za su ƙare kafin lissafinmu ya kai inda za a dube shi. Ya haɗa rapor ɗin da wasiƙa, ya rubuta da hannunsa cewa duk abin da ya aika a baya game da jarirai ba daidai ba ne.

Babban likita ya dawo ransa a ɓace. Wannan karon da Hausa ya yi magana, da ƙarfi, har ina ji daga madafa. Ya ce ko dai da ya yi ƙarya, ko yanzu yake yi, ya zaɓi ɗaya. Majo ya ce, "Na da ne ba daidai ba. Ban tambaya ba, na rubuta babu." Zan yi wa mutumin adalci: bai tsaya ga faɗa ba. Ya buɗe kayen ya ɗora yatsa a layuka uku yadda ya ga dama, ya ce a kai shi gidajen. Muka je, na shiga da igiyata, yana tsaye a ƙofa yana saurare. Duk ukun suka fito yadda aka rubuta. Ya tafi da kwafin lissafin.

An cire sunan Majo daga masu tafiya Yamai. Aka ce wanda takardunsa suka yi shekara biyu ba daidai ba, ba shi za a ɗaga ba. Akwatunan kuma ba su zo da wuri ba, sai bayan damina biyu, kuma ba zan rantse cewa takardarsa kaɗai ta kawo su ba. Amma sun zo, kuma sunan yankinmu ya tashi daga ƙarshen layi. Iya Tabawa ta hau jaki ta tafi Dakoro koyon aiki, ita ce mafi tsufa a cikinsu, ta dawo da akwatinta a ka, ba ta yarda ko jikokinta su taɓa shi. Daga baya ni ma na je, shi ne aikin da nake yi har yau.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da zai leƙo yanzu. Zai ji daɗin ganin takardar da ake bugowa ta samu gurbin jaririn da bai kai suna ba. Zai ji daɗin ganin ungozoma na tafasa almakashi ba tare da an tsaya a kanta ba. Amma akwai abin da zai ɓata masa rai. Na ga ma'aikacin da ke barin kaye wata guda ba a buɗe ba, ranar da mota za ta tashi ya zauna ya cika shi da ka. Na ga yaron da ya rasu yana rarrafe an rubuta masa shekara ɗaya don sauƙin rubutu, da haka ya fita daga lissafin jarirai ya faɗa na manyan yara, kamar bai taɓa zama jariri ba. Shekarun fari da mutane suka watse, yara da yawa sun tafi a hanya ba wanda ya rubuta su, kuma yanzu in an duba takardun lokacin sai a ga kamar an samu sauƙi. Makiyayanmu na arewa kuwa, masu bin rijiyoyi da dabbobinsu, har yanzu yawancinsu ba su cikin kayen kowa.

Ba na zargin yaran da ke aikin yau. Majon da muke da shi yanzu saurayi ne mai ƙoƙari, shi kaɗai ne a kan ƙauyuka masu yawa. Amma na lura suna tsoron lissafin da ya hau, don sun ga yadda ake kallon mai shi. Saboda haka roƙona ga manya ne, in wannan jarida tana isa teburinsu. In rapor ya zo muku da mutuwar jarirai da yawa, kada ku fara da faɗa, mai yiwuwa mutumin ya fita ya tambaya ne. Wanda ya rubuto muku babu wata shida a jere, shi ya kamata ku hau mota ku je ku gani.

Ko Majo ya yi nadama? Ban sani ba, kuma ba zan sa masa magana a baki ba. Na dai tuna ranar da wani abokin karatunsa ya biyo ta garinmu bayan ya dawo daga Yamai, da sabon muƙami da mobilet, ɗan babur ɗin nan. Majo ya yanka masa kaza, suka yi dariya, ya raka shi har bakin gari. Da ya dawo ya daɗe zaune a kan turmi yana kallon ƙasa. Ban tambaye shi ba. Ya rasu a matsayin da aka kawo shi da shi. Bai bar gida a birni ba, bai bar garke ba. In an auna shi da abin da ake auna ma'aikata, bai yi nisa ba.

Ni da wani abu nake auna shi. Ranar kasuwar da ta wuce, da yamma, wata Bafillatana ta yi sallama a ƙofata, ƙwaryar nononta a ka. Daga wata rijiya take can arewa, ba ta taɓa ganin Majo ba, tana yarinya ya rasu. Ta ce, "Inna, ke ce matar Majo? An ce nan ake faɗin yaron da ya koma." Ba wanda ya aike ta, ba wanda ya tambaye ta. Ɗiya mace ta haifa, jaririyar ta yi kuka, ta kwana uku ta koma. Na kama hannunta muka tafi gidan likita, muka tarar majon yanzu na sa kwaɗo a ƙofa. Ya ce, "Inna, gobe mana." Na ce gobe tana bayan shanu, buɗe. Ya buɗe, ya rubuta sunanta da na mijinta da rijiyarsu da kwana uku, ya tambayi abin da aka yanke cibiya da shi. Ta ce a nuna mata wurin. Ba ta iya karatu ba, amma ta ɗora yatsa a kan layin ta daɗe. Sannan ta ɗauki ƙwaryarta, ta ce akwai wasu mata biyu a rugarsu da irin haka ya samu tun kaka, su kunya ta hana su zuwa.

Gwiwoyina sun fara ciwo, kuma rijiyar tafiyar yini ce. Na riga na yi magana da mai amalanken da ke kai gishiri can ranar Talata. Na gaya wa majo ya bar mini layi biyu.